Tsakuwar Mafitsara da Gwaten Maman Dung

Wata ranar Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji uku na firamare. Muna wasan langa a filin da ke bayan gidanmu na haya a unguwar Nasarawa, na riƙe ƙafa ɗaya ina tsalle, sai na ji kamar an soka mini allura a mara. Na saki ƙafar na ruga bayan katanga don in yi fitsari. Ya fara zuba, sai ya tsaya cak kamar an murɗe famfo. Na yi nishi, na tsuguna, na miƙe, ba abin da ya fito sai ɗan ɗigo mai ja-ja. Yara suna ta kirana, "Bulus, ka fito mana, ana cinye ku," ni kuwa na dafa katanga mai zafi ina kuka a hankali don kada su ji.

Gidan namu ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, da famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Yawancin mazan gidan a masaƙa suke aiki, har da Babana. Ɗakin da ke manne da namu na wani mutumin Filato ne da matarsa, wadda kowa yake kira Maman Dung, da sunan ɗanta, abokina. Ita kaɗai ce mai dafa acha a gidan. Da hantsi za ta zauna da ƙorai biyu da bokitin ruwa, tana rege achar daga wannan ƙwarya zuwa waccan, a natse, har yashi ya kwanta a gindi, ta zubar, ta sake. Mama tana sayar da kayan miya a kasuwa, ba ta dawowa sai la'asar, saboda haka idan an tashe mu daga makaranta ɗakin Maman Dung nake nufa. Ni da Dung kwano ɗaya ake zuba mana, gwaten acha da yakuwa da gauta, muna faɗa a kan ludayi.

Na ɓoye ciwon, kuma wannan wautata ce. Na lura idan na sha ruwa fitsari yana matsa mini, sai na daina sha. In yini a rana ina buga ƙwallon tsumma, ina tura gare, in wuce randa kamar ban gan ta ba. Haka na yi ta fama har ranar da Mama ta ga jini a gajeren wandona wajen wanki.

Aka fara da na gida. Aka dafa mini gashin masara, aka jiƙa saiwoyi masu ɗaci, ana toshe mini hanci ana ɗura mini. Da abin ya ƙi, sai ƙanwar Babana, Goggo Saraya, ta zo daga Unguwar Boro da wani tsoho mai magani. Ya danna marata, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Dutse ne. Dutse kuwa ba ya shiga cikin yaro da kansa. A ina yake cin abinci?" Sai kowa ya juya ya dubi bangon da ta bayansa muke jiyo motsin ƙoran Maman Dung.

Daga ranar gidan ya canza. Ba wanda ya fito ya ce mata ga abin da ta yi. Matan gidan dai sun rabu biyu. Masu sassauci suka ce ganganci ne, ba ta rege achar da kyau, yashin ne ya taru a cikina ya dunƙule. Goggo kuwa ta ce in yashi ne, me ya hana shi taruwa a cikin Dung? "Kwano ɗaya suke ci, wannan yana kwance, wancan yana tsalle. Ku dai yi tunani." Sai aka tuno na fi Dung ƙoƙari a makaranta. Aka tuno wata rana ta shafa kaina ta ce zan zama babban mutum. Duk abin da aka taɓa yi mata godiya a kai, aka ɗauko shi ana juyawa. Idan ta zo famfo sai a janye bokitai, hira ta mutu. A coci bencin da take zama ya fara yin fili. Wasu har suka kai wa mai gidan haya magana a kan ɗakinta. Ni ma na yarda, domin yaro mai ciwo yana so a nuna masa wanda ya jawo. Na riƙa leƙenta ta gefen labule ina bin hannunta da ido, ko zan ga ta jefa wani abu a ƙwarya.

Baba ne ya gaji, ya nemi izini a wurin aiki ya kai ni asibiti a ƙetaren kogi. Aka ɗauki hoto, aka yi mini tiyata. Likitan ya kawo mana tsakuwar a 'yar kwalba, mai kaushi, ta kusa ƙwan tantabara girma. Goggo ta tambaye shi ko yashin abinci ne. Ya ce abin da aka haɗiye hanji yake bi ya fita, ba shi da hanyar shiga mafitsara. Wannan a ciki ta samu. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki fitsari yakan yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya riƙa daskarewa kaɗan-kaɗan, musamman ga yaron da ya sha fama da zawo yana ƙarami, aka kuma yaye shi da kunu zalla, ba madara ba ƙwai. Mama ta sunkuyar da kai, don da kunu aka yaye ni. Da likitan ya fita, Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Kun dai ji, shi ma ya ce abinci."

Washegari da rana Maman Dung ta zo asibitin da kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Ta gaida su Mama, aka amsa mata ciki-ciki. Ta matso bakin gado ta ce, "Bulus, ɗana, sannu. Na yi maka marar yaji." Na juya fuskata bango. Na ji ta ɗan tsaya, sannan na ji ƙarar kwano a kan siminti, sai takun silifas ɗinta yana nisa. Goggo ta ɗauki kwanon ta juye a kwata. Kafin ɗinkina ya gama warkewa su Maman Dung sun kwashe kayansu zuwa unguwar Romi, wadda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa a cikinta.

Bara tsakuwa ta sake kama ni, wannan karon a ƙoda. Ɗana ya kai ni aka duba, aka ba ni magani, aka ce in yawaita shan ruwa in rage gishiri, ta kuma fita da kanta. Ba wanda ya tambayi inda nake cin abinci. To, yanzu ma wane gida yaro zai shiga ya ci? Kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, jikokina ko sunan maƙwabtansu ba su sani ba. Na taɓa zuwa Romi ina tambayar Maman Dung, aka ce sun daɗe da komawa gida Filato. Ni da Baba da Mama da Goggo duk mun ji bayanin likitan nan da kunnenmu. Cikinmu ba wanda ya je ya gaya mata.