Wutsiyar Lambatu

Mu shida ne a bakin murhu ran nan: kakata Iya, Innarmu, ni, sai maƙwabciyarmu Goggo Asabe da 'ya'yanta biyu, Lami da Sabuwa. Babanmu direba ne, yana can hanyar Jos. Sauran mazan layin leburori ne, da asuba suke naɗe wando su ratsa ruwa, sai duhu ya kawo su.

A shekarun saba'in ne, unguwar Gyaɗi-Gyaɗi gidaje jefi-jefi, gonaki a tsakani. Kwana uku ruwan sama ya kwanta a layinmu ya ƙi tafiya, ba shiga ba fita. Ɗakin Iya na ƙasa ne, bangonsa ya sha ruwa har yaɓe yana zuba. Ta kafa ƙusa a jikinsa daidai bakin ruwan, ta ce in ƙusar nan ta nutse, ɗakin ya tafi.

Shekarata goma sha biyu, ni ce babba a yaran layin. Da hantsi Iya ta ce in tara su mu yi gayya mu fitar da ruwan. Na gangaro da turmi na hau, na riƙe tsumagiya, ina nuni. Daga ƙofarmu na sa aka fara haƙa lambatu. Ruwa ya biyo ramin, ya rasa gaba, ya karkata ya shige gidan Goggo Asabe. Tabarmi da garin tuwo duk ya jiƙa. Abin da ya kawo su kwana wurinmu ke nan.

Bayan magariba muka takure a rumfa, ɗanyen itace yana ta hayaƙi.

"Sannu da aiki, sarauniyar gayya," in ji Goggo Asabe. "Gobe kuma gidan wa za a kai wa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Iya ta iza wuta, ko kallona ba ta yi ba.

"Ga wata nan tafe, ƙafarta a jiƙe," in ji Iya, ta buɗe tatsuniya.

"Ta shigo ta sha ɗumi," Sabuwa ta amsa.

Wai wani gari ne a cikin kwari, ruwa ya kewaye shi. Sarkin gayya ya hau suri da gangarsa, yana kiɗa yana nuni. Kowa ya haƙa daga ƙofarsa ya tura wa na kusa, har aka fara dambe. Sai wata gurguwa ta watsa ƙaiƙayi a kan ruwan, ta ja jiki tana bin sa. Ya kai ta bayan juji, inda wari ba ya barin mutum ya buɗe baki, nan ya tsaya cak. Ta ɗauki sakaina ta fara ƙwaƙula, tana yowa baya. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Kafin ramin ya iso tsakiyar gari ruwa ya cinye gindin suri, sarki ya faɗo shi da ganga.

Lami ta tuntsire da dariya. "Iya, suri ya hau ko turmi?"

"Ke da kika bi shi kina haƙa, wa ya ɗaure miki ido?" in ji Iya.

Sai a lokacin ta juyo gare ni. "Talatu, lambatu daga wutsiya ake fara shi. Wutsiya kuwa wari gare ta. Tatsuniya ta ƙare, na kifa mata faifai."

Na so in tashi in ɓuya, amma ina? Tsakar gida ruwa, ɗaki ruwa. Dole na zauna a gaban mutanen da na jiƙa wa gari, hayaƙi yana ba ni dalilin hawaye.

Ban taɓa shiga aji ba. Amma yau in za a yashe lambatu a unguwarmu ta Tarauni, ni mata suke aiko wa. Samari kan zo da takardu, wai an koya musu shugabanci. Ba na musu da su. Nakan tura su wutsiya, in zuba ido. Wanda ya toshe hanci ya dawo yana nuni da yatsa, na san turminsa yake nema. Na daɗe ina zaton Iya tana nufin shugaba shi ne mai jure wari. Sai da na girma na gane rabin zancen ke nan: wanda ya fara daga ƙofarsa, gidan wani yake kai wa ruwa.

Washegarin daren tatsuniyar nan, da na idar da sallah na leƙa bangon Iya. Ruwa yana lasar ƙusa. Na ɗebi ƙaiƙayi a akurkin kaji, na ɗauki fartanya, ban tashi kowa ba. Ƙaiƙayin ya kai ni bayan jujin layinmu, ruwa har gwiwa, baƙi ƙirin. Na yi amai sau ɗaya, na ci gaba da sara. Can sai na ji wata fartanya tana amsa tawa a baya.

"Matsa gefe, sarauniya," in ji Lami, "kina watsa min."

Na matsa. Kafin azahar Iya ta aiko Sabuwa ta ce a gaya min ƙusa ta bushe.