Mannir a Ƙofar Ɗakin Inna

Da wannan daminar ƙanena Mannir ya cika shekara bakwai a ƙasa. Gero na fitar da kai muka kai shi makwancinsa, ga shi kuma geron bana ya fara fitar da kai a gonakin garinmu Rimaye. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Bana kam ba ajiyewa, domin abin da ya faru a tsakar gidan mahaifiyarmu kwanakin baya ya hana ni sakat.

Ga wanda bai san shi ba, Mannir shi ne autanmu. Yana da ɗan shago a Kankia inda yake buga wa mutane takardu da kwamfuta. Ni kuwa malamin gona ne a Kusada, iyakar sanina iri da taki da tsutsar dawa. Na ba shi shekaru masu yawa, har goya shi na yi, saboda haka ban taɓa jin nauyin yi masa faɗa ba. Abin faɗan kuwa guda ne kullum, wato wasan harbi na kwamfuta. Irin wanda ba ka ganin fuskar mutumin da kake tuƙawa, sai hannuwansa riƙe da bindiga, kamar da idonsa kake kallo, an kuma sakar maka daji da gari ka bi inda ka ga dama. Duk sanda na leƙa shagon na tarar ba ciniki, to yana can cikin wani daji yana rarrafe. Janar nake ce masa, shi kuma ya sara mini ba ko kunya.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, harbin bai dame shi ba. Ƙarya ce ba ya so. Wata rana ya jawo mini kujera ya ce, "Yaya, dubi wanga. An harbe shi, ya laɓe bayan dutse, ya warke. Ga bindiga biyar a baya, yana gudu ba ko haki. Ko buhun taki guda ka ɗora mini ai sai ka ji numfashina daga bakin titi." Daga nan ya koma wa wasanni masu tsanani, waɗanda bindiga ke cijewa in ƙasa ta shige ta, ƙishirwa ke kama mutum, babu wata kibiya a allo da za ta nuna maka hanya sai dai ka ciro taswira ka duba alhali ana iya harbinka. Na ɗauka ya samu abin da yake nema. Ina! Sai ya ce har yanzu da saura, domin mutum yakan wuce manomi a gona bai ɗaga masa hannu ba, manomin kuma bai ji haushi ba. "Wace irin duniya ce wagga?" in ji shi.

Da ya gano cewa ɗaya daga cikin wasannin yana barin mai wasa ya gina tasa duniyar, sai ya ce Rimaye zai gina. Na yi dariya har da tari. Amma damina biyu cur yana yawo da waya yana ɗaukar sauti. Ya ɗauki ƙarar ganyen gero in mutum ya ratsa, da kukan kurciya a kan tsamiya, da faɗawar guga cikin rijiya. Ya je har Yashe wurin wani maharbi ya sa shi ya harba bindigarsa, ya ɗauka daga kusa, ya koma can nesa ya sake ɗauka, wai amon ba ɗaya ba ne. Ya bi tsofaffi gona gona yana roƙon su gaishe shi cikin waya. Numfashin mutumin cikin wasan ma nasa ne. Zagaya gonarmu ya yi ta yi da gudu har sai da ya galabaita, sannan ya kara wayar a baki, mata masu dawowa daga kai abinci suka tsaya suna salati, sun ɗauka ya taɓu. Hannuwan da ke allo su ma nasa ne, har da tabon lauje a babban yatsansa na hagu, wanda ya samu yana ƙarami a gonata.

Dokokin garin nasa kaɗan ne, amma ba sassauci. Rana tana bin agogon kwamfutar, damina da rani suna bin watanni. Bindiga ɗaya ce tak, irin ta maharba, in ruwa ya taɓa albarushin ta zama sanda. Ba a shiga gida da ita, a zaure ake jingine ta. In ka yi tafiya mai nisa ƙishi zai kama ka, ba kuma wani rubutu da zai gaya maka, a numfashi za ka ji. Ruwa kuwa sai a cikin gida ake samu, kuma ba ƙofar da za ta buɗe sai ka danna madannin sallama an amsa maka. Abokansa suka gwada suka ce wannan ai ba wasa ba ne, ina waɗanda za a harba? Ya ce sai ya gama ginin garin tukuna, sannan ya ga ko zuciyarsa za ta bar shi ya sa a harbi wani a ciki.

Bai gama ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya sauka a ƙirji, muka kai shi asibiti a Katsina. Ni nake zaune a gefen gadon ina jin yadda yake jan numfashi da ƙyar, leɓɓansa a bushe, ma'aikatan kuma sun hana a ba shi ruwa. Inna tana Rimaye, an ce ta bari sai gobe a kawo ta. Gawarsa aka kai mata.

Bayan sadakar arba'in aka kwashe kayan shagon, kwamfutar tafi-da-gidanka ta faɗo hannuna. Wata rana da tsakar rana, gida ba kowa, na kunna ta na buɗe wasan. Sai ga ni tsaye a tsakar gidanmu, daidai ƙofar ɗakin Inna, asabari a sake. Nan ya tsaya ranar da ya yi wasansa na ƙarshe. Na sunkuyar da kallon zuwa ƙasa, ga hannuwansa, ga tabon. Sai kuma numfashin ya fara fitowa daga lasifika, mai nauyi, mai kaushi, alamar daga gona mai nisa ya taso bai sha ruwa ba. Wallahi shi ne numfashin da na ji a asibiti. Na san madannin sallama, shi da kansa ya nuna mini, na kuma san muryarsa ce za ta fito. Na rufe kwamfutar na fita waje na tsaya cikin rana.

Tun daga nan, duk damina nakan kunna ta. Ba na sallama. Juya shi nake in fita da shi cikin gari, in ɗaga wa mutane hannu su amsa. Malam Ɗanjuma mai gyaran rijiya yana nan a bakin rijiyarsa yana cewa, "Sannu Mannir, an hito?" alhali da ni aka yi masa sallah shekara huɗu da suka wuce. Tsohuwa Abu mai daddawa tana nan tana tambayar ya jikin Inna. Gidajen da masu su suka kulle suka koma Katsina da Kano saboda rashin kwanciyar hankali, a can duk a buɗe suke, hayaƙi na tashi. Tsamiyar da aka sare tana tsaye da kurciyoyinta. Kowa kuma Mannir yake kira na. Da yake ban iya adana wasa ba, duk inda na kai shi, in na kashe na sake kunnawa sai in tarar ya koma ƙofar Inna, yana haki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarin Kankia yanzu a waya suke wasan, sun jeru a kan benci kai a sunkuye, hoton ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Na tabbata da zai karɓi wayar ya juya ta ya ce har yanzu ba a gaisawa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wahalar da ya sha zuwa Yashe don ya ji yadda amon bindiga yake daga nesa. Yau ba wanda ke buƙatar zuwa Yashe. Matata, wadda ba ta taɓa riƙe ko danƙo ba, tana jin ƙarar bindigar mahara za ta gaya maka ta wane gefe ce, da kuma ko a kwashe yara ko a ci gaba da tuƙa tuwo. Gaskiyar da ya yi ta nema ta iso mu har gida ba mu aika mata ba. Ina jin haushin wannan ƙwarai, kuma ina ganin da yana raye, da har yau bai sa maharan nan a garinsa ba.

Bana kwamfutar ta fara ciwon tsufa. Batirin ya kumbura, tana mutuwa ba gaira ba dalili. Na kai wa mai gyara a Kankia, ya yi ƙoƙarin kwashe wasan zuwa wata, ya ƙi buɗewa. Ya ce, "Malam Sada, in akwai abin da kake son gani a ciki, ka gani yanzu." Na faɗa wa matata, ita kuma bakinta bai riƙe ba, maganar ta kai Rimaye. Inna ba ta taɓa sanin abin da ke cikin na'urar ba. Ta tuna dai Auta ya taɓa kara mata waya a baki ya ce ta amsa sallama, ta amsa don ya ƙyale ta. Yanzu ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai kunne garau. Ta aiko a ce in zo da abin.

Na so in ƙi. Tsohuwa ce mai hawan jini, ina tsoron abin da muryar za ta yi mata. Amma ina tsoron kuma na'urar ta mutu ba ta ji ba, in zama ni na tsaya tsakaninsu. Na ɗauka na tafi.

Bayan azahar ne, hadari ya haɗu bai zubo ba, garin ya yi tsit. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwamfutar tsakaninmu. Da ta kunnu sai na ga abin da ban shirya masa ba. Asabarin da ke allo shi ne wanda ke bayan Inna, har da inda ya yage a gefe. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta karkatar da kai wajen lasifikar tana saurare.

"Wanga ƙishi ne," ta ce. "Ina yake?"

"Ƙofar ɗakinki, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya kwanta ciwo."

Ta juyo da fuskarta gare ni, idanun nan farare. "Sada, shekara bakwai ka bar ƙanenka tsaye bakin ƙohwa?"

Na ce, "Inna, na'ura ce fa. Ba shi ba ne."

"Na sani. Ni na shafa likkafaninai da hannuna. Ce mai ya yi sallama."

Na danna. Muryar ta fito tar, har da 'yar dariyar nan da yake yi in ya dawo da yunwa: "Salamu alaikum, Inna!" Sai muryoyi biyu suka amsa lokaci guda, ɗaya daga lasifika da sauran ƙarfinta, ɗaya daga gefena tana rawa, kalmomin kuma iri ɗaya ba bambanci: "Amin, alaikumus salam. Shigo Auta, ga ruwa nan."

Asabarin allo ya ɗage, na shigar da shi. Ashe bai gama ɗakin ba. Bango fari fat, ba gado, ba jeren kwanoni, ba komai sai randa a kusurwa da moɗa a kanta. Hannun nan mai tabo ya miƙa ya ɗebo. Muka ji yana haɗiya, maƙwat, maƙwat. Numfashin ya fara sassautawa, yana sauka a hankali, har ya kai sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi. Ban san ina kuka ba sai da hawaye ya ɗiga a kan madannan. Inna kuwa ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "To, ya sha. Rufe."

Da nake auna abin da ya rage na Mannir, ba na sa na'urar a lissafi, domin ita ma kwananta ya kusa ƙarewa. Shagon ya zama na mai sayar da takalma. Abin da ya rage shi ne abin da ya gane tun yana saurayi, ni da furfurata ban gane ba. An ba shi duniya da bindiga aka ce ya yi yadda ya so, shi kuwa ya ga ba za ta zama gaskiya ba sai an gaisa a cikinta, sai an ajiye makami a zaure, sai uwa ta amsa sallama. A ɗakin da bai gama ba, randa ya fara sakawa. Allah ya ji ƙansa, ya shayar da shi ruwan da ba ƙishi a bayansa.

Sai da na rufe kwamfutar na tuna har yau ban iya adana wasan ba. In aka sake kunna ta, zai koma bakin ƙofa da ƙishinsa. Na faɗa wa Inna, ta ce to ba mai sake kunnawa. Ta sa na shigar mata da ita ɗaki. Tana can har yau kusa da randa, an lulluɓe ta da zane.