Anzar Goggo Hajo

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Da sanyi ya kama nake tunawa da ita, don a lokacin ne 'yar bishiyar nan anza ke fure, sauran daji kuwa duk ya bushe.

A gefen gayaunarta, wajen Zakirai, akwai wani tsohon suri da anza uku a kansa. A ƙasarmu ba a barin ko taku ɗaya ba shuka, saboda haka mazan gidanmu suka sa ta gaba: a sare, a baje surin, a samu kunya biyar ta gero. Yayanta Baffa Ila har cewa ya yi daji take kiwo. Ta ce sai dai bayan ranta.

Sai aka shiga shekarun fari. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Anza ko a jikinta, don saiwarta ta yi nisa, kuma busasshiyar ƙasa mai tauri take so. Goggo ta tsinki 'ya'yan, ta fitar da ƙwayar da ake kira dilo, ta jiƙa kwana da kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan ta dafa. Ba a ƙoshi ba, amma mun kwana da abu a ciki. Da idona na ga Baffa Ila yana suɗe kwano, kai a sunkuye.

Bara jikokinsa, masu takardar makarantar koyon noma, suka zo da tarakta. Na roƙe su su bar surin. Babbansu ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ai ba kashe anzar za mu yi ba, gata za mu yi mata."

Gatan ke nan: suka haƙo ta, suka datse saiwar, suka dasa a tsakar gida cikin taki, ruwa safe da yamma, suka jeru aka ɗauke su hoto. Ko wata ba a yi ba duk ukun suka ruɓe. Yanzu wai irin ne ba shi da kyau. Haushinsu nake ji har gobe. Da Goggo na nan, tsaki kawai za ta ja ta wuce.

Abin da ya rage nata yana kaina: na iya jiƙa dilo kamar yadda ta koya mini. Ranar da ruwa ya sake ɗaukewa, ban san abin da zan jiƙa ba.