Taku Bakwai Ƙarƙashin Makarar Baba

Mu biyu Baba ya haifa, amma in ka ji ya ce "ɗana" a gaban mutane, to Yayana yake nufi. Ni sai dai "wancan". Ban faɗi haka don neman tausayi ba, domin abin da na yi ranar jana'izarsa ba aikin wanda ya cancanci tausayi ba ne.

Baba direba ne a ofishin jakadanci. Ya zo Alƙahira da ƙuruciyarsa, ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. A Abbasiya muka tashi, hawa na huɗu. Mutumin nan bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma tun ranar da wani mai horar da 'yan iyo ya ga Yaya yana wasa a ruwa ya ce yaron nan kifi ne, shi ke nan Baba ya samu sana'a ta biyu. Da sassafe ya kai shi kulob a Ma'adi, da la'asar ya sake kai shi. Salon da Yaya ya ƙware a kai shi ne wanda Misrawa ke kira farasha, wanda ake ɗago hannu biyu lokaci guda a watsa su gaba. Ya ciyo kofuna har Umma ta rasa inda za ta jera kwanukanta. Ni kuwa in na kawo sakamakon makaranta, Baba ya ce in ajiye zai duba.

Kafaɗar Yaya ta fara ciwo yana shekara sha biyar. Kaftin, haka ake kiran mai horarwa a nan, ya ce ma'alish, wato ba komai, kowane ɗan iyo da irin nasa. In gasa ta matso sai a yi masa allura a cikin gaɓar, ciwon ya yi shiru na 'yan kwanaki, ya faɗa ruwa ya ciyo. Umma ta taɓa roƙo a bar yaron ya huta ko da wata guda ne. Baba ya dube ta ya ce, "Namiji na haifa ko ƙwai?" Daga ranar Yaya bai ƙara cewa wayyo a gidanmu ba.

Ya bar iyo yana da ashirin da biyar, amma iyo bai bar shi ba. Likita ya ce jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun cinye kamar tsohuwar igiyar guga. An yi wa ta dama aiki, bai yi kyau ba. Ta hagu kuma saura ƙiris. Bai iya kwanciya ta kowane gefe, a rigingine yake barci. In ya yi kabbara hannunsa iyakar ƙirji yake tsayawa. 'Yarsa ta yi ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta sama har ta gaji ta daina. Riga ma matarsa ce ke zura masa. Amma in ka gan shi a Hayyin Ashir, inda ya koma da zama, da faɗin ƙirjin nan nasa, sai ka rantse zai ɗaga mota. Hausawan unguwa har yau Zakara suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Daga matarsa sai ni muka san gaskiya, don Umma ta riga ta rasu, Baba kuma bai taɓa tambaya ba.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, wata takwas na yi ina jinyarsa. Ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke ɗaukarsa cak in kai shi bayi. Yaya sai ya zo ya zauna a bakin gado su yi hirar gasar da aka yi shekara ashirin da suka wuce. Ban ga laifinsa ba, me zai ɗauka? Amma wata rana, ina tsugune ina wanke wa Baba ƙafa, ya kama hannun Yaya ya ce, "In na mutu, ɗana ne zai kwantar da ni. Kada ka bari wani ya taɓa kaina." Na ci gaba da cuɗa ƙafar, raina kuwa in ka ɗora tukunya a kai za ta tafasa.

Baba ya cika da safe, aka sa sallah bayan azahar. Kafin mu fita Yaya ya ja ni kan matakala.

"Auta, ka taimake ni," ya ce. "Dole in sa kafaɗa a makarar nan, idon mutane yana kaina. Zan kama gaba da ta hagu. Ka tsaya a bayana. Taku bakwai kawai, sai ka dafa ni ka karɓa. In na wuce haka ba zan iya sauka ramin ba."

Kabarin nan ƙasar ba irin na gida ba ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, ana sauka da mamaci a hannu. Wanda ya tallafi kai shi ke kwantar da shi, ya sassauta ƙullin likkafani, ya juya fuskarsa alƙibla. Wannan aikin ne Yaya yake tattalin hannunsa dominsa. Ya ce kai ba shi da nauyi, zai iya, in dai kafaɗar ta kai shi can lafiya.

Na ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya. Bakwai."

Wallahi a lokacin da zuciya ɗaya na faɗa.

Mota ta sauke mu a bakin titi, domin lungun maƙabartar bai ɗaukar mota. Makarar nan akwati ce ta katako mai sanduna, ita kanta kaya ce guda. An cika sosai, ɗalibai daga Abbasiya, tsofaffin abokan aikin Baba, maƙwabta 'yan Sudan. Al'adar kowa ya san ta: ba mai riƙe makara ya daɗe, kowa ya yi 'yan taku wani ya karɓe shi, don lada ya zagaya. Amma babban ɗan mamaci in ya kama gaba, bare yana jin nauyin ture shi. Sai ɗan'uwansa, ko shi da kansa ya kauce.

Yaya ya sunkuya ya sa kafaɗa, aka ɗaga. Ina bayansa, har ina jin numfashinsa. Ɗaya, biyu, uku. Ana ta la'ilaha illallahu. Na kai shida na ɗago hannu zan dafa shi, sai wani dattijo a gefena, tsohon abokin Baba, ya ce, "Ma sha Allah, kun ga ɗan halak. Marigayi bai yi asarar wahalarsa ba, wannan shi ne ɗa."

Na mai da hannuna aljihu.

Takwas. Tara. Goma. Na ga wuyansa ya ɗan karkato yana nemana. Na kafa ido a ƙasa. A sha biyar gumi ya jiƙa bayan rigarsa. A baya mutane sai canzawa suke yi, wannan ya shiga wancan ya fita, gaban hagu kaɗai ba wanda ya kusanta. Wani ɗalibi ya matso zai karɓa, dattijon nan ya riƙe shi ya ce, "Bar shi da ubansa." Ina ji, na ci gaba da ƙirga. Abin da ke raina shi ne, ai namiji aka haifa ba ƙwai ba, to ga fili ga mai doki. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina jiran ranar da kafaɗun nan za su ɗauki wani abu a gidanmu.

Zai iya kaucewa. Da ya ja da baya, mutum goma ne za su cafe. Bai kauce ba, haka aka horar da shi. Wajen taku na arba'in na ji ƙara, ƙas, kamar an karya ɗanyen rake. Makarar ta ɗan tangaɗa, ya tura wuyansa ƙarƙashin sandar ya tare ta da shi, ya ci gaba da tafiya. Ko tari bai yi ba. A haka ya kai ta bakin kabari.

Da aka sauke, hannunsa na hagu yana reto kamar ba a jikinsa yake ba. Mai kula da kabarin ya leƙo daga matakala ya ce, "Yalla, maza, ina babban ɗa?" Yaya ya taka ɗaya, ya yi ƙoƙarin miƙa hannu, ko motsi bai yi ba. Ya gwada na dama, ya tsaya a cibiya. Kowa yana kallo. Nan take aka fara raɗa, yau Hayyin Ashir ta san abin da ya ɓoye shekara goma sha uku. Ya jingina da bango ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, sauka."

Na sauka. Ni na tallafi kan Baba, ni na sassauta ƙullin, ni na juya fuskarsa. Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba sai warin ƙasa.

Da yamma na kai shi asibiti. Likita ya duba hoto ya ce jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, kuma abin da ya saura bai isa a ɗinke ba. Muna zaune a baranda muna jiran a ɗaure masa hannun, na fara shirya ƙarya. Zan ce cunkoso ne ya raba mu, zan ce dattijon nan ne ya tare ni. Na buɗe baki na ce, "Yaya, mutane ne suka..."

"Hamsin da uku," ya ce, yana kallon bango. "A fili kake ƙirgawa, Auta. Ina jin ka har muka isa."

Aka kira shi, ya tashi ya shiga shi kaɗai.