Sajan Ɗantala A Filin Harbi

Na san Sajan Ɗantala a shekarar 2004, watan da na sauka Doha na kama tuƙin motar wani kamfanin gine-gine. Ɗaki ɗaya muka zauna a wani tsohon bene a Matar Ƙadim, unguwar tsohon filin jirgi. Mu huɗu ne a ɗakin, shi ne babba, don ya ba hamsin baya, shi ya sa muka bar masa gadon ƙasa na kusa da taga. Mutumin Funtuwa ne, dogo, siriri, mai furfura a saje. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin ɗan sanda a gida, kusan rabinsu a ɗakin ajiye makamai na bariki. Shi ke miƙa wa ma'aikata bindigogi da safe, shi ke karɓa idan sun dawo, shi ke kwance su ya goge ya shafa musu mai. Da ya ajiye aiki, wani ɗan garinsu ya samo masa biza ya zo gadi.

A unguwar Aziziya yake gadin, a ƙofar wani rukunin gidaje. Kayan aikinsa kaki mai ruwan toka, da rediyon oba-oba, da cocilan. Yakan ce tun da ya fara aiki a duniya bai taɓa samun wanda ya kwanta masa a rai kamar wannan ba.

Ya taɓa ce mini, "Ghali, ka lura kuwa? Wata nawa ke nan ina garin nan, ban ga ɗan sanda tsaye a bakin titi da doguwar bindiga a kafaɗa ba. Mutum ya ɗaga hannu kawai, mota ta tsaya. Ni kafaɗar nan tawa har yau in sanyi ya shigo sai ta tuna mini da igiyar bindiga."

A ɗakin da ke kallon namu akwai Jonah, ɗan Zonkwa, mai gyaran iyakwandishan. Saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai fara'a da yawan surutu, kuma Allah ya jarabce shi da son bindiga. Kakansa maharbi ne, a gabansa ya tashi. Ba ya shan taba, ba ya zuwa kallon ƙwallo, abin da ke ɗauke masa hankali shi ne mujallun bindigogi na Turawa da yake saye ya jera a ƙarƙashin katifa. Ya san sunan kowace, da ƙasar da aka ƙera ta, da nisan da harsashinta ke kaiwa. Amma a duk rayuwarsa sau ɗaya ya taɓa harbi, da bindigar toka ta kakan nasa, ita ma sai da ta zaunar da shi a ƙasa.

Ranar da Jonah ya ji aikin da Sajan ya yi a gida, sai ga shi a ɗakinmu bayan mun dawo daga sallar Juma'a, rungume da mujallu. Ya buɗe wani shafi ya ɗora wa Sajan a cinya.

"Oga Sajan, don Allah ka taɓa riƙe irin wannan?"

Sajan ya dubi hoton ɗan lokaci, ya rufe mujallar ya miƙa masa.

"Na riƙe. Me za ka yi da ita?"

"Ba komai, sha'awa ce kawai. Dubi kyanta!"

Sajan ya ce, "Yunusa," don haka yake kiransa, wai shi ne sunansa na gaskiya da Hausa. "Ni na ga mai sha'awar doki, na ga mai sha'awar tantabaru. Amma abin da aka ƙera don ya huda cikin mutum, ban ga abin sha'awa a jikinsa ba. Mu da muka ɗauka, dole ce ta sa. Kai wa ya aike ka?"

Na ɗauka Jonah zai yi fushi ya daina zuwa. Ina! Daga ranar duk Juma'a sai ya zo. Mu dafa shinkafa da miyar kifi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a ci, a aiko da shayin madara da ake kira karak daga shagon ɗan Indiya na ƙasan bene, su kuma su dasa musu. Jonah ya ce a ƙasashen Turawa mutum na zuwa harbi kamar yadda ake zuwa wasan ƙwallo. Sajan ya ce shi ya sa ba ya sha'awar aikin ɗan sandan can. Jonah ya ce bindiga ba ta tashi da kanta. Sajan ya ce duk wanda ya taɓa zuwa caji ofis bayan ta tashi, abin da yake fara faɗi shi ne wai bai san yadda aka yi ba. Mu dai namu dariya. Har yau in na tuna Doha ta wancan lokaci, kafin dogayen benayen nan su cika gari, waɗannan Juma'o'in ne ke fara zuwa mini.

Wata Juma'a musun ya yi zafi, sai Sajan ya ajiye kofin shayinsa ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce a wani gari da ya yi aiki, akwai wani attajirin ɗan kasuwa mai bindiga mai baki biyu, da lasisinta da komai. Ranar sunan ɗansa ya fito da ita yana nuna wa abokai, wannan ya karɓa ya juya, wancan ya karɓa ya saita. Ashe akwai harsashi ɗaya da ya manta a ciki. Ta tashi ta sami ƙanensa da ke raba goro.

"Ni aka tura in ɗauko bindigar," in ji Sajan. "Na tarar da ita a kan tabarma, kusa da farantin goro, ba wanda ya iya taɓa ta. Ragon suna na rataye ba a gama fiɗa ba. Mai gidan yana zaune a ƙasa yana ta ce mini, 'Wallahi na duba, Sajan, wallahi na duba.' Mutumin kirki ne, Yunusa. Ba ɗan fashi ba ne. Sha'awa ce kawai, irin taka."

Jonah ya juya cokali a kofi, sannan ya ce, "To kakana fa? Shekara sittin yana farauta, ko akuyar wani bai taɓa harbi ba."

Sajan ya gyaɗa kai. Ya ce wannan kam gaskiya ne, maharba daban suke. Ya ce an taɓa tura su wani ƙauye karɓar bindigogin da ba su da takarda, wani tsohon maharbi ya miƙo masa tasa da hannu biyu, ya juya bakinta ƙasa, ya ce a riƙa shafa mata man gyaɗa kada ta yi tsatsa, hawaye na bin gemunsa. Sajan ya ce har ya bar barikin yana shafa mata man, kuma bai taɓa jin daɗin wannan aiken ba. "Tsohon nan ya fi rabin ma'aikatanmu sanin abin da ke hannunsa," in ji shi. "Amma shi ba a takarda ya koya ba."

A ƙarshen 2006 aka yi gasar wasannin Asiya a Doha. Gari ya cika da baƙi, ga ruwan sama da aka yi ta yi kamar ba a hamada ba. Kamfanin su Sajan ya rarraba ma'aikatansa wurare, bayan gasar kuma aka mayar da shi gadin ƙofar wani kulob na harbi a bayan gari. Ranar da ya dawo da labarin, Jonah ya yi ta tsalle a baranda, Sajan kuwa ko abinci bai ci da kirki ba.

Ya ce, "Na tsallaka teku don in rabu da ƙarar nan, ga shi an kai ni bakin ƙofarta."

Wata uku Jonah yana roƙo kafin Sajan ya gaya masa ranar da ake barin baƙi su shiga su gwada. Ni na kai shi da motar wani abokina, wata Asabar da la'asar. Fili ne fetal, an yi rumfuna a jere, wata na'ura tana cilla ƙananan faya-fayan yumɓu sama, mai harbi ya bi su da bindiga. Sajan ya duba takardunmu a ƙofa kamar bai taɓa ganinmu ba. Amma da aka karɓe shi don ya yi hutun rabin sa'a, sai ga shi ya zo ya tsaya a bayan rumfarmu ya harɗe hannuwa.

Mai koyarwa ya ba Jonah bindiga mai baki biyu ya nuna masa yadda zai tsaya. Na farko ya kuskure, na biyu ya kuskure, haka har na shida. A na bakwai faifan ya tarwatse a sama. Murna ta kwashe Jonah, ya juyo gaba ɗaya yana kiran sunana, bindigar a hannunsa, bakinta ya biyo shi ya dubi rumfar da mutane ke zaune, ga sauran harsashi ɗaya a ciki, yatsansa kuma a kan kunama. Mai koyarwar ya juya yana magana da wani.

Ban ga lokacin da Sajan ya taso ba. Na dai ga hannunsa na hagu ya cafke bakin bindigar ya ɗaga shi sama, na dama ya karya ta a tsakiya, harsashin ya faɗo a tafinsa. Bai yi tsawa ba. Ya riƙo hannun Jonah ya sa masa harsashin a ciki ya dunƙule masa yatsu.

"Ka ga abin da nake gaya maka?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Jonah ya nemi wuri ya zauna.

Cikin waɗanda ke rumfar akwai wani hafsan 'yan sandan ƙasar, ana kiransa Abu Rashid, wanda ke zuwa harbi duk mako cikin farar jallabiyarsa. Ya taso ya ba Sajan hannu, ya tambaye shi inda ya koyi wannan. Da ya ji, sai ya miƙa masa tasa bindigar ya ce, "Yalla ya Hajji, harba mu gani."

Sajan ya karɓa, ya karya ta ya leƙa ciki, ya mayar masa a buɗe. Ya ce ya gode, amma ya yi rabonsa na harbi a duniya, khalas, shi ke nan. Ya ƙara da cewa bakin hagu na son a goge shi. Abu Rashid ya leƙa, ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce shi ma ɗan sanda ne shekara goma sha takwas, bai taɓa zare bindiga a kan mutum ba kuma yana roƙon Allah kada ya taɓa, amma nan wurin ne kaɗai yake zuwa kansa ya huce. Sajan ya ce shi nasa kan a kan tabarma yake hucewa.

Bayan mako biyu aka ɗauke Sajan daga ƙofa aka mayar da shi cikin fili, aka ba shi jar riga da usur, aikinsa ya tsaya a bayan masu harbi ya sa musu ido. Abu Rashid ne ya yi magana da masu kulob ɗin, su kuma suka yi da kamfani. Da farko Sajan ya yi ta gunaguni. Amma a hankali muka ga yana sauyawa. Yakan dawo ya ba mu labarin wani dattijo da ke zuwa da 'yarsa likita, ba ya barin ta taɓa harsashi sai ta buɗe bindiga ta nuna masa ba komai a ciki. Ko wani Bature da ya hura wa usur ya kore shi daga layi, mutumin ya dawo washegari ya ba shi haƙuri. Wata rana ya ce mana, "Akwai masu hankali a cikinsu. Ban ce na fahimci abin da suke ji ba, amma akwai masu hankali."

Jonah ya yi wata biyu bai ambaci bindiga ba, bai kuma fasa zuwa cin shinkafar Juma'a ba. Sajan ne da kansa ya ce masa wata rana, "Yunusa, in za ka koma, ka zo ranar da nake aiki. Amma mako huɗu na farko ba za ka harba ko ɗaya ba. Ɗauka, buɗewa, ajiyewa, shi ke nan." Haka kuwa aka yi. Jonah ya yi ta mita yana cewa ko kurtu ba a wahalar da shi haka, amma bai taɓa fashi ba. Daga baya ya zama gwani, har ya ci wani ɗan kofi a gasar baƙi. Sajan ya juya kofin a hannu ya ce ba laifi, zai yi kyau da zuba sukari.

A 2009 idon Sajan na dama ya fara yana, ya ce mai aikin sa ido ba ya aiki da ido ɗaya, ya ajiye ya koma gida. Mu muka raka shi filin jirgi, Jonah na ɗauke da jakarsa. Ya koma Funtuwa ya kama noman masara, mukan yi waya jefi-jefi. Bayan shekara huɗu 'yarsa Nasiratu ta kira ni ta ce Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya.

Lokacin Jonah yana hutu a gida, ya hau mota tun daga Zonkwa ya je gaisuwa a madadinmu. Da ya dawo ya ce mini ya zauna a zaure da 'ya'yan Sajan da ƙannensa, yana ba su labarin filin harbi da jar riga da usur, suna ta kallonsa da mamaki. Ashe Sajan bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Su dai abin da suka sani, gadi ya je yi a Doha, gadi ya yi har ya dawo.