Waken da Na Tsince wa Baba

Shekarar da hannun Baba na dama ya shanye, ya daina cin tuwo da mutane. Ya ce gara yunwa da a gan shi da hagu cikin akushi. Kullum sai ƙara ramewa yake.

Na ɗora shi a amalanken jaki daga Bazaga zuwa gidan likita a Ƙonni. Wata madam mai koya wa tsofaffi aiki da hannu ta ce in gauraya wake da tsakuwa a faifai, ya riƙa tsincewa, mu dawo da waken bayan mako. Ta gargaɗe ni kada in taya shi.

Ni da aka kora daga lakwal tun aji biyu, sai na ga na fi ta dabara. Da muka koma gida, yatsun Baba na rawa, wake na zubewa, na kasa kallo. Na tsince tas da kaina, muka kai mata.

Ta duba ta ce, "Madalla. Hannu ya samu, ba sai kun dawo ba."

Hannun nan ko loma ba ya ɗauka, ga shi na sa an sallame mu.

Na ce, "Madam, ni na tsince."

Baba ya ce, "Wanga yaro bai taɓa gama aiki ba sai wanda aka hana shi."

Ta maida waken cikin tsakuwa, ta tura wa Baba faifan, ta ce in zauna a kan hannuwana. Haka na zauna, gemai-gemai da ni, ina zufa, har ya kamo ƙwaya ɗaya.