Hankakan Mashigi da Hannun Yagana

A Gashuwa na tashi, a gidan kakata ta wajen uba, Kaka Gaji, can unguwar da ke kallon kogi. Sana'arta bandar kifi. In ruwa ya fara janyewa daga fadama, masunta suka shiga kawo tarwaɗa da karfasa kwando-kwando, gidanmu ba ya rabuwa da hayaƙi. Kayan jikinmu, gashinmu, har littattafanmu na makaranta, duk ƙaurin kifi suke. Yaran unguwa na tsokanarmu da haka, mu kuwa ko a jikinmu.

Da an idar da magariba, kafin a kira lisha, Kaka kan zauna kan 'yar kujerarta a bakin murhu, ta miƙe ƙafafu, tana juya kifi da wani guntun ƙarfe. Wutar banda ba a barinta ta ci bal-bal, hayaƙi ake so, don haka dole mutum ya zauna ya tsare ta. Wannan zaman dole nata shi ya zame mana riba. Mu biyar ne jikoki a gidan, amma ni da yayana Modu mu ne 'yan gaba-gaba, kullum muna ture-ture kan wanda zai zauna kusa da gwiwarta.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata nan ta fito daga ruwa, tana rawar sanyi." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta matso ta ji ɗumi, Kaka!" Hausarta da ɗan gargadar harshen Bade, in labari ya yi zafi sai ta zarce da yarensu ba ta sani ba, sai mun ja zaninta ta dawo.

Akwai wata da na fi tunawa a 'yan shekarun nan, ta hankaka.

Wai a wani mashigi, inda mutane ke tsallake kogi da ƙafa, akwai goruba, a kanta wani hankaka ke wuni. Bai taɓa sa ƙafarsa a ruwa ba. Aikinsa saurare. Duk wanda ya fito daga kogi yana matse riga yana cewa, "Yau ta wajen ciyawar nan iya gwiwa ne," hankaka ya ji ya ajiye. Da ya tara maganganun mutane da yawa, sai ya fara ba matafiya shawara. Kaka takan ɗaga haɓa, ta turo ƙirji, ta siranta murya ta kwaikwaye shi: "Sannu da zuwa, baƙona! Kai, tambayarka ta yi kyau. Bi ta dama, ruwa iya gwiwa ne." Mu yi ta dariya har da faɗuwa.

A gindin gorubar kuma akwai wani tsohon masunci mai doguwar sanda. Shi in ka tambaye shi zurfin ruwa, sai ya ce, "Ban sani ba. Bari in taɓa." Ya miƙe da ƙyar, ya shiga, ya yi ta dungura sanda, kai kuwa kana tsaye rana na dukanka. Mutane suka gaji da shi, suka sa masa suna Bari-in-taɓa, yara na binsa da waƙa. Kowa ya koma wajen hankaka, tunda shi ba jira, ga daɗin baki, kuma sau da yawa maganarsa na dacewa.

Sai wata damina kogi ya ci gaɓa, ya haƙa rami daidai inda ake bi. Babu wanda ya tsallaka tukuna balle hankaka ya ji labari. Ga wata Bafulatana ta iso da saniyarta ɗaya da maraƙi. Ta tambaya, hankaka ko ɗar bai yi ba: "Bi ta dama, ruwa iya gwiwa ne." Ta bi. Ita da saniya suka fita da ƙyar, maraƙi kuwa ruwa ya tafi da shi.

Ta dawo jiƙe sharkaf, ta tsaya gindin goruba tana kuka, ta ce, "Ka cuce ni, wurin rami ne." A nan Kaka takan dakata, ta juya kifi ɗaya, ta bar mu muna jira. Sannan ta sake turo ƙirji, da muryar nan dai, ba abin da ya ragu a cikinta: "Gaskiyarki, baiwar Allah! Na yi kuskure, ki gafarce ni. Lallai wurin rami ne. To, bi ta hagu."

Na tuna Yaya Modu ya fusata ranar, har ya miƙe tsaye. "Kaka, me ya sa ba a jefe shi ba?"

"Wa zai jefe shi?" in ji ta. "Washegari masu tambayarsa sun fi na jiya yawa. Ta ƙare, na mai da ita ruwa, ku tashi ku yi alwala."

Ban ji daɗin wannan ƙarshe ba. A sauran tatsuniyoyinta mugu kan sha kashi, wannan kuwa yana nan bisa gorubarsa yana gyaran fiffike. Na ɗauka Kaka ta manta ƙarshen ne.

Kaka ta rasu ina 'yar budurwa. Aure ya kawo ni Nguru, kuma sana'arta na gada, busasshen kifi nake sayarwa a kasuwa. Yaya Modu ma ya riga mu gidan gaskiya, ya bar ɗansa Bukar, wanda ni na ƙarasa riƙonsa har ya yi digiri. Yana zaune a nan Nguru da matarsa Yagana. Yarinya ce mai hankali, kuma gwanar kitso. Kai ɗaya in ta kama, kafin ka shanye kunu ta kai rabi. Amare har daga Jajimaji ake kawo mata.

Bukar ne ya fara nuna mini abin nan da suke kira ƙirƙirarriyar basira. Ka ji suna kamar na wani shehin malami. Wata manhaja ce a waya, ka rubuta mata tambaya ko ka nuna mata hoto, ta zubo maka amsa kafin ka ƙifta ido. Tun da ya same ta ya daina tambayar kowa komai. Ciwon kai, ita. Wasiƙar neman aiki, ita. Ran nan har ya karanto mini yadda wai ake bandar tarwaɗa, ni da na yi shekara talatin hannuna cikin ƙaya. Na ce, "Ta taɓa shaƙar hayaƙi?" Ya yi dariya irin ta wanda ke tausaya wa tsohuwa. "Gwaggo, duk littattafan duniya ta haɗiye."

Bara, wata Laraba da la'asar, Yagana ta sa hannu cikin tarin itace za ta ɗora girki, maciji ya sare ta a yatsanta na nuni. Bukar ya rugo ya murƙushe kan macijin da taɓarya. Maimakon ya tare keke mai ƙafa uku su nufi asibiti, sai ya tsuguna ya ɗauki gawar hoto, ya tambayi wayarsa. Ta ce masa wannan irin macijin nan ne mai shan ƙwan tsuntsaye, ba shi da dafi, kama kawai yake yi da masu dafi. Ta kawo sunansa na Turanci, ta jero bayani layi-layi, ta ce a wanke wurin da sabulu. Can ƙasa ta ƙara da cewa in an ga wata alama a tuntuɓi likita. Amma wa ke kula da layin ƙarshe bayan na farko ya ce ka kwantar da hankalinka?

Ya kira ni ina tattara kaya a kasuwa. "Gwaggo, wani ɗan tsautsayi ne, amma na bincika, ba mai dafi ba ne."

"Wa ka tambaya?"

"Na bincika dai. Har sunansa na samu."

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Zuciyata ta ce je ki gani. Wata zuciyar ta ce yaron nan ya yi digiri, ke ko sunan macijin ba ki iya faɗa. Sai na ce Allah ya sawwaƙe, na tafi gida na ci tuwona. Ni da na zauna a gwiwar Kaka Gaji, sunan Turanci ya rufe mini baki.

Washegari da hantsi na je dubiya. Na tarar da Yagana zaune a tabarma, hannun ya kumbura har gwiwa, yana ƙyalli. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta zauna. "Gwaggo, da sauƙi," in ji ta, ta yi murmushi. A murmushin nan na ga jini a dasashinta. Na dubi gefen tabarma, ga tsumma duk jan miyau.

"Bukar! Tare keke."

"Gwaggo, ai ta ce kumburi kan iya..."

"In ka sake ce mini ta ce, wallahi sai na jefa wayar nan rijiya. Tare keke!"

A asibiti wata nas mai furfura ta buɗe bakin Yagana, ta dubi hannun, ta ɗebi jini a 'yar kwalba ta ajiye. Bukar ya miƙa mata waya ta ga hoton. Ta duba ta ce, "Kan a murƙushe yake, ni ba zan iya cewa ga irinsa ba. Jinin ne zai gaya mana." Muka jira. Jinin ya ƙi daskarewa, yana nan tsululu kamar ruwan zoɓo. Ta ce aikin kububuwa ne, ta tambayi yaushe abin ya faru. Da aka ce jiya da la'asar, kallon da ta yi wa Bukar ya fi mari. Aka shiga da Yagana aka fara yi mata allurar kashe dafi.

Muna zaune a benci a waje, na ga Bukar yana danna waya. Na ce me kake rubutawa kuma. Ya ce yana gaya wa manhajar ta yi kuskure. Na ce karanto mini abin da za ta ce.

Ya karanta: "Ka yi gaskiya, ina neman afuwa. Alamun da ka faɗa na kububuwa ne, maciji mai tsananin dafi. Ku gaggauta zuwa asibiti."

Ku gaggauta. Bayan kwana guda.

Na ce, "Rubuta mata cewa likita ya sake dubawa, ya ce ba kububuwa ba ce."

"Gwaggo, ai ƙarya ne."

"Na sani. Rubuta."

Ya rubuta. Ta gode masa da wannan ƙarin bayani, ta ce lallai hakan na iya yiwuwa, tunda macizan biyu suna kama da juna. Bukar ya kifa wayar a cinyarsa, ya sa kai cikin tafukansa. Ban lallashe shi ba. Ban ma san wanda na fi jin haushi ba a cikinmu mu uku, ni da shi da wayar.

Yagana ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi kwana tara a asibiti. Amma yatsan ya yi baƙi ya mutu, dole aka cire shi. Ranar da aka kwance bandeji ba ta yi kuka ba, sai da wata maƙwabciya ta shigo da 'yarta, ta manta, ta ce ko za a kama mata kan sallah.

Tun daga nan nake juya tatsuniyar nan a raina. Ina yarinya na ɗauka labarin maƙaryaci ne. Yanzu na gane hankakan bai kai matsayin maƙaryaci ba ma. Maƙaryaci ya san gaskiya, ɓoye ta yake yi. Shi kuwa bai san bambancin abin da ya sani da abin da ya tsinta a bakin mutane ba, duk da murya ɗaya yake faɗarsu. In ya dace bai san ya dace ba, in ya halaka ka bai ji komai ba. Afuwarsa ma tsintar ta ya yi, ya ji mutane na faɗa. Kuma Kaka ba mantuwa ta yi da ƙarshen ba. Ta san mu sarai. Mun fi son a amsa mana da sauri, da ladabi, ko da ba a sani ba, a kan a ce mana mu jira a duba.

Ba na cewa abin bai iya komai ba. Ya rubuta wa Bukar wasiƙa mai kyau, na ji an karanta. Amma wasiƙa in ta lalace sai a yage a sake wata.

Yanzu Yagana ta koma kitso, da yatsu huɗu, a hankali, tana cije leɓe. Amaren Jajimaji sun daina zuwa. Ni nake kai mata kaina duk sati biyu, ko bai tsufa ba. Makon jiya ina zaune tsakanin ƙafafunta tana tsaga, sai ga Bukar ya shigo da fara'arsa, waya a hannu.

"Gwaggo, kin san an fito da sabuwa? Wannan ta fi waccan nesa ba kusa ba. An ce da wuya ta yi kuskure."

Na ji hannun Yagana ya tsaya a kaina. Ban ɗago ba. Na ce, "To madalla. Ita wannan sabuwar, ranar da ta yi kuskuren, me za a yanke mata?"

Ya sa wayar a aljihu. Can sai Yagana ta ce, "Gwaggo, ɗan sunkuya," ta ci gaba da kitsonta.